Yadda ake ratsa Nullarbor da mota da tanti, daga Adelaide zuwa Perth

Tsakanin Adelaide da Perth, in ka bi hanya miƙe, akwai kimanin kilomita 2,700. In kuwa ka ratse ka bi bakin teku, wanda shi nake ba 'yan'uwa shawara, za ka haura 3,000. Da yawa daga cikin mutanenmu da karatu ko aiki ya kawo Ostireliya sukan yi shekaru ba su leƙa bayan garin da suke zaune ba, in tafiya ta kama sai jirgin sama. A ganina asara ce babba. Wanda bai fita daga manyan biranen nan ba bai ga ƙasar ba, gefenta kawai ya gani.

Hanyar ba ta da wuyar da ake zato. Babban titin Eyre, wanda ya tashi daga Port Augusta ya ƙare a Norseman, kwalta ce tun daga farko har ƙarshe, an gama shimfiɗa ta a 1976. Ƙaramar mota mai lafiya tana yi, ba sai mai gudun daji ba. Abin da ke cutar da mutane a wannan hanya abu uku ne: tuƙin dare, gaggawa, da raina ruwan sha. Duk sauran bayanin da zan yi, a kan waɗannan yake zagayawa.

Lokacin tashi

Yanayin can a juye yake da wanda muka sani a arewacin duniya. Disamba zuwa Fabrairu shi ne tsakiyar zafi, Yuni zuwa Agusta kuma hunturu. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, zafi ba baƙonka ba ne. A gida in rana ta take akwai inuwar darbejiya, akwai rumfa, akwai mai sayar da ruwa a bakin titi. A Nullarbor, faffaɗan filin da titin Eyre ya ratsa, kana iya yin tafiyar awa guda ba ka ga itacen da zai rufe mota ba, kuma akwai ranakun da zafi ke haura maki 45. A Oodnadatta, can arewacin jihar Ostireliya ta Kudu, jihar da Adelaide take ciki, an taɓa auna maki 50.7 a watan Janairun 1960. Lokacin zafi ne kuma lokacin wutar daji. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 gobara ta sa an rufe titin Eyre ta ɓangaren Norseman fiye da kwana goma, matafiya suka maƙale a gidajen mai na kan hanya har sai da aka kai musu kayan abinci ta sama.

Ni dai na fi son Satumba da Oktoba. Zafi bai kankama ba, furannin daji sun buɗe a yamma, kuma in ka yi sa'a za ka tarar da manyan kifayen nan na wel ba su bar gaɓa ba. Afrilu da Mayu ma suna da daɗi. In hunturu ka zaɓa, ka tanadi bargo mai kauri da jakar barci ta kirki, don sanyin asuba a can yakan kusa daskarar da ruwa. Ka ware wa tafiyar kwana goma zuwa mako biyu. Akwai masu bugun ƙirji sun yi ta a kwana uku. Su ne ke tuƙin dare, kuma ba abin da suka gani sai farin layin tsakiyar titi.

Mota da abin da za ka loda mata

Mako guda kafin tafiya ka kai motar wurin bakanike, ka faɗa masa ƙarara inda za ka. Ya canza baƙin mai, ya duba birki, fambel, batir, da bututan ruwan lagireto. Tayoyi su zama masu sauran ƙarfi, safaya kuma ka duba iskarta da hannunka, ka tabbatar jak da sifanar kwance taya suna ciki kuma ka iya aiki da su. Ka shiga ƙungiyar agajin masu motoci, RAA a Ostireliya ta Kudu ko RAC a ta Yamma, ka biya mataki na sama wanda ya ƙunshi jan mota daga nesa. Kuɗin jan mota na kilomita ɗari biyu daga aljihunka ya fi kuɗin rajistar nesa ba kusa ba.

In haya za ka ɗauka, ka zauna ka karanta takardar inshora layi-layi. Kamfanoni da yawa ba sa biyan ɓarnar da ta faru a kan hanyar burji, wasu kuma ba sa biya in ka buge dabba da dare a bayan gari. Akwai kuma kuɗin ajiye mota a wani gari daban da inda ka ɗauka, ka tambaya tun da wuri. Wanda lasinsa na Faransanci ne, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi, sai ya haɗa da lasin ƙasa da ƙasa ko fassarar da hukuma ta yarda da ita.

Ruwa shi ne kan gaba a kaya. Ƙasar Nullarbor shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200,000, cike da koguna na ƙarƙashin ƙasa da ramuka. Ruwan sama na sauka sai ya zurare ciki, shi ya sa ba rafi ba tabki. Ruwan da ke gidajen man kan hanya ko dai tace shi ake yi daga ruwan rijiya mai gishiri, ko a kawo shi da tanka, don haka ba wanda zai ba ka famfo ka cika jarka kyauta, kuma bai dace ka ji haushi ba. Lissafin da nake yi shi ne lita goma ga kowane mutum a rana, ya haɗa sha da girki da alwala, sannan jarka guda mai lita ashirin wadda ba a taɓa ta sai larura. Ka raba ruwan a jarkoki da yawa. Babbar tanki guda in ta huje, ka yi asarar komai a lokaci ɗaya.

Sauran kayan ba su da yawa: tanti mai ƙarfi da turaku dogaye da guduma, katifar hurawa ko tabarma mai soso, rishon gas, tukunya biyu, kula mai riƙe ƙanƙara, tocila ta ɗaurawa a goshi, shebur ƙarami, buta, darduma, akwatin magani da bandeji masu naushi aƙalla uku, hula mai faɗi, da ragar rufe fuska saboda ƙudaje. Ka sayi taswira ta takarda. Ka sa layin Telstra a wayarka, don shi ne ya fi kamawa a karkara, amma shi ma akwai wuraren da yake ɗaukewa.

Game da abinci, naman halal a Adelaide za ka saya, akwai mahauta Musulmi da yawa. Ni nakan soya nama ya bushe sosai, in yi dambu, in haɗa yaji, in ɗauki shinkafa da taliya da garin kwaki da ƙwai da kifin gwangwani da dabino. A gidajen abinci na kan hanya naman alade yana shiga kusan kowane abin karin kumallo, ka tambaya kafin ka saya. Soyayyen kifi da dankali ma ka tambaya, domin sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin.

Yadda za ka raba yininka

Wannan shi ne zuciyar maganar. Ka tashi ka yi asuba, ka karya, ka naɗe tanti a tsanake, kada ka hau titi sai rana ta fito sosai. Ka tsaya duk bayan awa biyu ka miƙe ƙafa. Kafin la'asar sakaliya ka riga ka isa inda za ka kwana. Kilomita 400 zuwa 500 a yini ya isa, kuma in ku biyu ne masu tuƙi ya fi.

Dalili shi ne dabbobi. Kangaru da rana yana kwance a inuwa, sai magariba da asuba yake fitowa kiwo. Ɗan ruwan da ke gangarowa daga kwalta yana sa ciyawar gefen titi ta fi ta ko'ina kore, don haka nan suke taruwa. In hasken fitila ya dalle masa ido ruɗewa yake yi, yana iya tsalle ya faɗo gabanka bayan ka ɗauka ya wuce, kuma ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Babban namiji yana iya murƙushe gaban ƙaramar mota ya fasa lagireto. Ban da shi akwai emu, 'yar'uwar jimina, akwai wombat, wata gajeriyar dabba mai kauri da nauyi, akwai kuma raƙuman daji. In dabba ta fito maka, ka taka birki ka riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka kuskura ka karkatar da mota da ƙarfi. Mafi munin haɗurran da ake yi a can, mota ce ke sauka gefen titi ta wuntsila. Da rana kuma ka lura da mikiya a kan mushe. Tana da nauyin tashi in ta ƙoshi, ka rage gudu ka danna mata oda tun daga nesa.

Sai manyan tireloli masu jan bodi biyu ko uku, wasu tsawonsu ya haura mita 35. Iyakar gudu a titin kilomita 110 ne a awa, su kuma ba sa nisa da hakan. In za ka wuce ɗaya, sai ka hango titi fayau na fiye da kilomita guda, in ba ka hango ba ka haƙura, sauri ya haifi nawa. In ita ce ta taho ta gabanka, ka matsa hagu kaɗan ka riƙe sitiyari da hannu biyu, iskarta tana girgiza mota. Wanda ke da rediyon oba-oba, direbobin suna tasha ta 40, kuma in ka yi musu magana da ladabi sukan faɗa maka lokacin da hanya ta buɗe.

Wani haɗari da ya shafe mu musamman: can ta hagu ake tuƙi, mu kuwa da dama muka saba. A cikin gari motocin da ke gabanka suna tuna maka. A Nullarbor kana iya fitowa daga wurin hutu titi wayam ba kowa, hannunka ya kai ka layin dama ba ka sani ba. Ka ɗora wa na kusa da kai aikin tuna maka duk lokacin da za ku hau titi, ko ka manna takarda a kan sitiyari.

Mai kuwa, ƙa'idar ita ce ka cika tanki a kowane zango, ko da rabi ne ya rage. Tazara mafi tsawo tsakanin gidajen mai ba ta kai kilomita 200 ba, amma mai tafiya yamma yakan yi karo da iska, mota ta sha mai fiye da yadda ka saba, kuma ba duka gidajen ke buɗewa da dare ba. Farashi ya fi na birni tsada sosai. Ka sa wannan a lissafinka tun daga gida.

Hanyar kanta

Daga Adelaide zuwa Port Augusta kimanin kilomita 300 ne. Nan hanyoyi suka rabu, ta arewa ta nufi Alice Springs da Darwin, ta yamma ta nufi Perth. Garin yana da tarihin da ya shafe mu a matsayin Musulmi. A tashar jiragen ruwansa aka sauke raƙuman da attajiri Thomas Elder ya shigo da su a 1866 tare da masu kula da su, Musulmi daga Afghanistan da yankunan da yanzu ke cikin Pakistan da Indiya. Su suka riƙa jigilar kaya zuwa cikin hamada kafin jirgin ƙasa da mota, su suka gina masallacin Adelaide a 1888 da na Perth a 1905. Raƙuman da za ka gani a daji jikokin nasu ne, waɗanda aka saki bayan mota ta karɓe aikin. Nakan tuna da mutanen nan duk lokacin da na shimfiɗa darduma a wannan ƙasa, in yi musu addu'a.

Daga Port Augusta kana iya miƙewa zuwa Ceduna, kilomita 470, ko ka gangara kudu ta Whyalla zuwa Port Lincoln, ka hauro ta Coffin Bay da Elliston da Streaky Bay. Ta biyun ta ƙara maka kusan kilomita 300, kuma ta cancanta. Garuruwan masunta ne, kifi ɗanye da araha, ga wuraren kafa tanti a bakin ruwa.

Ceduna ce garin ƙarshe mai babban kanti. Daga nan zuwa Norseman kilomita 1,200 ne, ya fi nisan Kano zuwa Legas, kuma in ka wuce ɗan ƙauyen Penong ba wani gari na sosai a tsakani sai zanguna: gidan mai, ɗakin cin abinci, 'yan ɗakunan kwana, da fili na masu tanti. Ka cika ruwa, ka cika mai, ka kira gida ka faɗi ranar da kake sa ran isa Norseman.

Bayan Nundroo za ka ratsa ƙasar mutanen Yalata, 'yan asalin ƙasar. Da yawansu an taso su ne daga yankunansu na arewa, wajen Maralinga, inda Birtaniya ta gwada bama-baman nukiliya a 1956 da 1957. Titin na kowa ne, amma ƙasar da ke gefensa tasu ce, ba a shiga ƙauyensu ko a kwana a filayensu sai da izini. Ka kiyaye wannan. A ƙasarsu ne Head of Bight yake, wani wurin kallon teku, kilomita goma sha biyu daga babban titi, a kan kwalta, ana biyan kuɗin shiga. Tsakanin Yuni da Oktoba kifayen wel suna zuwa nan su haihu, kana tsaye a kan dakali kana kallon uwa da ɗanta a ƙarƙashinka, har kana jin hucin numfashinsu. Kada ka yi gaggawar barin wurin.

Daga nan tsaunukan Bunda suka fara, inda ƙasa ta yanke ɗif ta faɗa teku, tsayin mita 60 zuwa sama da haka, har kusan kan iyakar Ostireliya ta Yamma. Akwai wuraren tsayawa da aka sa wa alama da shinge, a nan kaɗai za ka tsaya. Teku tana cin dutsen ta ƙarƙashi, bakin da kake gani kamar ƙasa mai ƙarfi wani lokaci ɓawo ne kawai a kan iska. Ka riƙe hannun yara, kada kuma ka kafa tanti kusa da baki komai kyan wurin.

A Border Village akwai shingen jami'an kare amfanin gona na Ostireliya ta Yamma, dare da rana. Za su buɗe but da kula, su karɓe ɗanyen kayan marmari da kayan miya, har albasa da dankali, da zuma da tsirrai. Ba mugunta ba ce, ƙwari da cututtukan gona suke tsarewa, kuma ɓoye abu yana jawo tara. Dabarar ita ce daren da za ka isa iyaka ka haɗa duk tumatir da attaruhu da albasar da suka rage ka soya miya mai kauri, dafaffen abu yana wucewa. Miyar nan ita za ta riƙe ka, don ba za ka sake ganin kantin kirki ba sai Norseman, kilomita 700 da ɗoriya.

Kilomita goma sha biyu bayan iyaka sai Eucla. Ka gangara ka ga tsohon gidan waya na tangaraho da aka buɗe a 1877, yanzu rairayi ya binne rabinsa. A yankin nan agogo yana rikicewa. Ostireliya ta Kudu tana gaban ta Yamma da awa ɗaya da rabi, ko biyu da rabi daga Oktoba zuwa farkon Afrilu, amma zangunan da ke tsakanin iyaka da Caiguna suna bin nasu lokacin, minti 45 gaban na Perth. Waya takan yi ta tsalle tsakaninsu, manhajar lokutan salla ma haka. Ka koma ga rana da inuwa kamar yadda aka koya mana a makarantar allo. Ka tuna dai a can rana ta arewa take karkata da tsakar rana, alƙibla kuma yamma take, ka ɗan karkata hannun dama. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, in ruwa ya yi ƙaranci kuma ga ƙasa mai tsarki ko'ina don taimama.

Tsakanin Caiguna da Balladonia titi ya miƙe kilomita 146.6 ba kwana ko ɗaya. Nan ne barci ke sace direba ido buɗe. Kada ka shige shi bayan ka ci abinci mai nauyi, ka bar shi ya zama aikin safe. Za ka kuma ga wuraren da aka faɗaɗa titi aka ja masa fararen layuka. Filin saukar jirgin likitocin sama ne, hukumar da aka kafa tun 1928 don kai ɗauki ga mutanen karkara. Ba a tsayawa a kansu. A Balladonia akwai ɗan gidan tarihi mai ɗauke da labarin ɓaraguzan tashar sararin samaniyar Amurka, Skylab, da suka faɗo yankin a 1979.

Kwana a tanti

Wurin kwana iri uku ne. Akwai filin zango, ka biya kuɗi kaɗan ka sami banɗaki da wanka, wani wurin sai ka jefa tsaba ruwan ya zubo na 'yan mintoci. Akwai wuraren hutu na gefen titi da aka yarda a kwana kyauta, alamar wurin za ta faɗa. Akwai kuma gandayen daji na gwamnati, waɗanda yawanci sai ka yi rajista ta intanet. Manhajar WikiCamps tana nuna duka, ka sauke bayanan tun kana da sabis. Mai iyali ko wanda wannan ce fitarsa ta farko, ya fara da filin zango. A wurin hutu na kyauta kuwa ka shiga ciki nesa da titi, saboda ƙarar tireloli ba ta yankewa har asuba, ka kuma zaɓi inda akwai wasu matafiya. Galibinsu dattawa ne da suka yi ritaya suna zagaya ƙasa da motocin kwana, mutane masu son hira da taimako. Ka gaishe su. Su ne za su faɗa maka inda mai ya fi araha da inda hanya ta lalace.

Iska ce babbar abokiyar gabar tanti a wannan yanki. Ka juya ƙofa ta ba iska baya, ka ajiye mota ta zama kariya, ka kafa duk turaku da igiyoyi ko da yamma ta yi lumus, don cikin dare takan tashi. Ƙasar wani wuri dutse ce turke ba ya shiga, sai ka ɗaure igiya a jarkar ruwa ko a tayar mota. A kudu maso yamma, inda akwai manyan itatuwan turare, kada ka kwana a ƙarƙashinsu, reshe yakan ɓalle ba iska ba ruwa.

Wuta ba abin wasa ba ce a ƙasar nan. Akwai watannin da aka hana hura ta a fili, akwai kuma ranakun hani gaba ɗaya, waɗanda har rishon gas yake da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun bambanta tsakanin jihohin biyu. Ka duba sanarwa kowace safiya, ka ajiye abincin da ba ya buƙatar dahuwa saboda irin wannan rana. Inda aka yarda, ka hura a murhun da aka tanada, ka kashe da ruwa har toka ta yi sanyi. Rufewa da ƙasa ba ya kashe garwashi. Ba a tsintar itace a gandun gwamnati.

Ƙudaje za su dame ka da rana, suna neman ido da baki, raga ce maganinsu, rana na faɗuwa kuma sai su ɓace. Maciji shi ne abin kiyayewa. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe tocila in za ka zaga da dare, ka zuge tanti kullum, ka kakkaɓe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, ka manta da abin da aka saba a gida na tsagawa ko tsotsa ko ɗaure jijiya da igiya. Dafin macizan can ta hanyoyin ruwan jiki yake tafiya, motsi ne ke tura shi. A kwantar da mutum, a naɗe gaɓar da bandeji da ƙarfi tun daga yatsu har sama, a ɗaura mata sanda kada ta motsa, kada a wanke wurin, a kira 000, lambar agajin gaggawa. Ba ya tashi ya taka, taimako ne zai zo inda yake.

Inda ba banɗaki, ka yi nisa da wurin kwana, ka haƙa rami da shebur ka binne. Sharar ka kuma ta koma mota har sai ka sami kwandon zubawa. Ba abin da ke ɓata mini rai a hanyar nan kamar tarar da takardun goge-goge suna yawo a gindin ciyawa a wuri mai kyau. Mu da muke tafiya da buta ba mu da uzuri.

In mota ta lalace, ka gangara gefe sosai, ka kunna fitilun haɗari, ka ɗaga bonet, ka zauna tare da motarka. A babban titi ba za ka daɗe ba wani zai wuce, kuma al'adar can ce a tsaya a tambaya. A hanyoyin burji na cikin daji ne maganar take zama ta rai da mutuwa, kuma yawancin waɗanda suka rasu a irin wannan hali sun bar motar ne sun kama tafiya da ƙafa cikin zafi. Mota ana hango ta daga sama, tana da inuwa, ruwanka yana cikinta. Lambar 000 ba ta shiga inda babu sabis ko kaɗan, don haka duk wanda zai bar kwalta ya ɗauki na'urar neman agaji mai aiki da tauraron ɗan'adam, ana saya ana kuma haya, ya yi mata rajista, ya kuma faɗa wa wani inda za shi da ranar dawowarsa.

Bakin teku na kudu

A Norseman hanya ta rabu. Dama ta bi ta kusa da Kalgoorlie, garin zinare, ita ce mafi kusa zuwa Perth. Hagu ta gangara Esperance, kilomita 200, kuma ita za ka bi. Kilomita hamsin gabas da garin akwai gandun Cape Le Grand, a cikinsa Lucky Bay, rairayi fari fat mai ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ruwa garai-garai, kangaru suna saukowa har bakin ruwa. Wurin kafa tanti a nan yana cika da wuri, ka kama shi watanni kafin tafiya, musamman lokacin hutun makarantu. Ka ba shi kwana biyu ko uku, jiki yana buƙatar hutu bayan Nullarbor. Kada ka ba dabbobin abinci, yana sa su ciwo.

Teku tana da nata dokokin, kuma yawancinmu ba a bakin teku muka tashi ba. Inda akwai masu gadin ruwa, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya kaɗai ake wanka. Yawancin gaɓoɓin nan kuwa ba mai gadi. Akwai jan ruwa da ke komawa cikin teku, kuma sau da yawa wurin da ya fi kama da kwanciya, inda igiya ba ta fashewa, nan ne yake. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Wanda ya iya, in ja ya kama shi, kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe. Kan duwatsu ya fi haɗari: teku tana iya yin shiru na tsawon lokaci sannan igiya guda babba ta taso ta share mutum, an rasa masu kamun kifi da dama haka a kusa da Albany. In dutse a jiƙe yake, ruwa yana kaiwa nan, ka ja baya. Ka karanta allunan gargaɗin kifin shak, an taɓa rasa rayuka a yankin Esperance. Rana kuma tana ƙona fata a can ko da baƙi ne kai, ka shafa man kariya ka sa hula.

Daga Esperance zuwa Albany kimanin kilomita 480 ne. Daga nan mai sauran lokaci ya bi gaɓa ta Denmark da Walpole, inda aka yi gadar tafiya a saman dogayen itatuwa mai tsayin mita 40, ya wuce ta Margaret River ya shiga Perth. Mai son Juma'a a cikin jama'a kuwa ya hau arewa ta Katanning. Ƙaramin gari ne na manoma, amma yana da masallaci tun wajen 1980, wanda Musulmi 'yan Malay daga tsibiran Kirsimeti da Cocos suka gina bayan sun zo aiki a mayankar garin. Daga can zuwa Perth bai kai awa huɗu ba.

In da motar za ka koma gabas, ka sani shingen kayan gona na Ostireliya ta Kudu ba a kan iyaka yake ba, a Ceduna yake. Kayan miyan da ka saya a Norseman za su raka ka duk tsawon Nullarbor, sai dai ka tabbatar ka cinye ko ka dafe su kafin ka shiga garin.